Wa Zai Shaide Ka? Darasi Domin Masu Karatun Digiri na Biyu da na Uku

A watan jiya wani saurayi daga cikin 'ya'yan ekklesiyarmu ya zo wurina da yamma, yana riƙe da jaka cike da takardu. Ya gama digiri na biyu a fannin noma shekara biyu ke nan, sakamakonsa kuwa mai kyau ne. Ubansa ya sayar da bijimai biyu, uwarsa ta shiga adashi, kafin aka iya biyan kuɗin karatun nan. Yanzu ga wani wurin bincike yana neman ma'aikata, an ce kowane mai nema ya ba da sunan mutum uku waɗanda suka san aikinsa.

Ya ce mini, "Baba Fasto, ina roƙo ka rubuta mini takardar shaida."

Na ce, "Zan rubuta, ɗana, da farin ciki. Amma abin da na sani game da kai shi ne kana da gaskiya, kana girmama iyayenka, ba a taɓa kawo mini ƙararka ba. Zancen ƙasar noma da taki kuwa ban san kome a ciki ba. Ina malaman da suka koya maka?"

Ya sunkuyar da kai. Malamin da ya duba kundinsa ya yi ritaya, bai kuwa san garin da ya koma ba. Sauran malaman sashen ba za su tuna da fuskarsa ba, gama ya kan shiga aji ya zauna a baya, in an tashi ya fita. Na tambaye shi abokan karatunsa fa. Lambar mutum biyu kaɗai ya ke da ita, 'yan garinsu ne, su ma suna zaune a gida ba aiki.

Yaron nan ba malalaci ba ne. Ya yi zaton karatu shi ne littafi da jarrabawa kaɗai. Da yawa cikin 'ya'yanmu haka su ke zato, mu iyaye kuma haka muka koya musu: ka kama littafinka, kada ka kula kowa. Shawaran nan tana da amfani ga yaron sakandare. Ga mai digiri na biyu ko na uku ba ta isa ba. Takardar digiri tana faɗa cewa ka gama karatu, amma ba ta faɗa ko kana zuwa aiki a kan lokaci, ko za a iya barin maka kayan gwaji masu tsada, ko ka iya zama da mutane. Mai ɗaukar ma'aikaci waɗannan ya ke so ya sani, ba kuwa mai faɗa masa sai mutumin da ya gan ka kana aiki. Shekarun da ɗalibi ya ke yi a jami'a su ne lokacin da irin mutanen nan ke kewaye da shi kowace rana, ba sai ya nemi izinin ganinsu ba. Ranar da ya fita da takardarsa, ƙofofin da ya saba shiga sai ya tarar da mai gadi a bakinsu.

Sanayya daban, kamun ƙafa daban

Na san abin da waɗansu za su ce: ashe Fasto yana koya wa yara kamun ƙafa. Bari mu raba abu biyu. Kamun ƙafa shi ne ka je wurin babban mutum wanda bai san aikinka ba, ka roƙe shi ya tura ka inda ba ka cancanta ba, a ture wanda ya fi ka. Wani lokaci har da kuɗi a ciki. Wannan zalunci ne, ko da kowa yana yi. Abin da na ke magana a kai shi ne mutum ya sa aikinsa a inda masu sanin darajarsa za su gani, domin ran da aka tambaye su su faɗi gaskiya a kansa. Kafinta ba ya jin kunya a ga kujerar da ya yi a gidan maƙwabci. Ga yadda za ka gwada kanka: in mutumin da za ya yi maka magana zai iya faɗin abin da ya faɗa a gaban sauran masu neman aikin ba tare da kunya ba, to, sanayya ce. In sai a ɓoye, ka san sunansa.

Wani malamin nazarin zaman jama'a a Amurka, Mark Granovetter, ya yi bincike a kan wannan sa'anda shi kansa ya ke ɗalibin digiri na uku. Ya tambayi mutum 282 a garin Newton kusa da Boston, masu aikin ofis da na sana'ar ilimi, yadda suka sami aikin da su ke yi. Fiye da rabinsu, watau kashi 56 cikin ɗari, sun samu ta bakin wani wanda suka sani. Wannan ba abin mamaki ba ne. Abin mamaki shi ne wanene wannan mutum. Cikin waɗanda ya bi diddiginsu, wajen kashi 17 cikin ɗari ne kaɗai suka ce mutumin na kusa ne wanda su ke gani kullum. Sauran sun ce mutum ne wanda su kan gani jefi-jefi, ko ma da ƙyar sau ɗaya a shekara: tsohon abokin aji, ko wanda suka taɓa aiki tare. Ya buga wannan a 1973 da 1974. A 2022 kuma aka buga wani bincike da aka yi da mutum wajen miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, aka tarar da kusan abu ɗaya: sanayya ta tsaka-tsaki ta fi abota ta ƙut-da-ƙut kai mutum ga sabon aiki.

Dalilin ba wuya. Amininka yana zama inda ka ke zama, yana jin labarin da ka ke ji. In akwai gurbin aiki da ya sani, kai ma ka riga ka sani. Amma wanda ku ka yi aji ɗaya da shi, ya koma Legas ko Maiduguri, yana cikin waɗansu mutane daban, kunnensa yana jin abin da ba zai iso maka ba.

A nan sai in faɗi wata magana da ba kowa zai ji daɗinta ba. 'Ya'yanmu da yawa in sun shiga jami'a a Zariya, ko Kano, ko Jos, su kan taru wuri ɗaya da 'yan garinsu da waɗanda su ke sujada tare, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, hira ɗaya. Zumuntan nan tana da kyau, tana riƙe mutum a baƙon wuri, ban ce a bar ta ba. Amma ɗalibin da ya yi shekara uku bai taɓa zama ya yi aikin aji da abokinsa Musulmi ba, bai san sunan Bayarabe ko Inyamurin da ke kujerar kusa da shi ba, ya cuci kansa. Bayan shekara goma mutanen nan su ne za su zama shugabannin sashe, da manajoji, da masu zama a teburin ganawa da masu neman aiki. Ba domin riba kaɗai na ke faɗin haka ba, maƙwabta ne, gaisuwa hakkinsu ce. Amma ribar ma tana nan.

Malamin da ke duba kundinka

Cikin dukan mutanen jami'a babu wanda maganarsa za ta yi nauyi a kanka kamar malamin da aka ba shi duba kundinka. Shi za a fara tambaya. Yawancin malaman nan suna da ɗalibai fiye da ƙarfinsu, ga koyarwa, ga tarurruka, ga nasu bincike. Ɗalibin da ya ɓace wata biyar, sa'annan ya zo da babi uku yana cewa a duba masa kafin Jumma'a, ya riga ya rubuta wa kansa takardar shaida, ba mai kyau ba. Ka riƙa kai masa aiki kaɗan kaɗan a ranar da ku ka shirya. In ya yi gyara da jan biro, ka gyara duka, ka dawo da tsohuwar takardar tare da sabuwar domin ya ga ba ka tsallake kome ba. In ba ka yarda da wani gyara ba, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga dalilin da ya sa na rubuta haka," ka kawo hujja. Malamin kirki ya kan tuna da ɗalibin da ya yi masa gardama da ladabi fiye da wanda ya ke cewa "to" ga kome.

In yana da binciken da ya ke bukatar hannu, ko zuwa ƙauye tara bayanai, ko auna samfuri a ɗakin gwaji, ka miƙa kanka. A nan ne zai ga halinka. Amma ka tambaya tun da fari, cikin ladabi, ko sunanka zai fito a maƙalar da za a buga. Tambayan nan ba rashin kunya ba ce, kuma ta fi sauƙi kafin a fara aiki.

Kada kuwa ka rataya rayuwarka ga mutum ɗaya. Malami ya kan yi ritaya, ya kan tafi hutun bincike, ya kan mutu. Jami'a ma ta kan rufe: yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati ya kai wajen wata tara a 2020, ya kai wata takwas a 2022. Sai ka nemi aƙalla malamai uku waɗanda suka karanta abin da ka rubuta da idonsu. Mai jarrabawa da za a kawo daga wata jami'a ranar kare kundi shi ma ƙwararre ne a fanninka, ya kuwa karanta aikinka daga fari har ƙarshe. Ɗalibai su kan ji tsoronsa, in an gama su gudu. Bayan an ba da sakamako, ka aika masa da godiya da kwafin kundin da ka gyara.

Ga 'ya'yanmu mata ina da ƙarin magana. Ki sadu da malami a ofis, a lokacin aiki. Ki ajiye saƙonnin da ke tsakaninku. In wani ya fara ɗaura sa hannunsa a kan abin da ba aikin karatu ba, ba laifinki ba ne, kada kuma ki ɗauki nauyin ke kaɗai. Ki gaya wa wata malama babba a tsangayar, ki gaya wa na gida, a nemi canjin mai dubawa ta hannun makarantar manyan digiri.

Taro da wuraren bincike

Kowane sashe yana da taron ƙara wa juna sani inda ɗalibai ke karanta abin da suka samo. Da yawa ba su zuwa sai ranar tasu. Ka riƙa zuwa na waɗansu, ka yi tambaya ɗaya mai ma'ana, ka faɗi sunanka kafin ka yi ta. Haka kuma kowane fanni yana da ƙungiyarsa ta ƙasa. Masana tarihi suna da tasu tun 1955, injiniyoyi tun 1958, masana harsuna da masana ƙasar noma da sauransu duk suna da nasu, yawancinsu kuma su kan yi taro sau ɗaya a shekara, su rage wa ɗalibai kuɗin rajista. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ya kan biya wa mutum kuɗin zuwa taro, amma sai ma'aikacin makarantar gwamnati. Ɗalibin da ba ma'aikaci ba daga aljihunsa zai biya. Duk da haka, in sau ɗaya tak za ka iya zuwa cikin shekarun karatunka, ka je, ka kwana a ɗakin wani ɗalibi, ka karanta maƙalarka ko da mutum bakwai ne a ɗakin. Lokacin shan shayi kada ka tsaya da waɗanda ku ka zo mota ɗaya. Ka je wurin wanda maganarsa ta shafi aikinka, ka gaishe shi, ka gaya masa abin da ka ke bincike cikin jimla biyu. Ka shirya jimla biyun nan tun daga gida, domin mai ilimi da yawa in an tambaye shi a tsaye ya kan rikice.

Ni kaina na yi wannan kuskure. Sa'anda na ke makarantar Littafi Mai Tsarki, wani baƙon malami ya zo ya yi mana mako guda, ya karanta wata takarda da na rubuta, ya ce in aika masa da ita in na gyara. Kunya ta hana ni, ina cewa ba ta yi kyau ba tukuna. Har yau tana cikin akwati.

Ban da jami'a, ƙasarmu tana da wuraren bincike waɗanda ɗalibai ke wucewa ta ƙofarsu ba su shiga. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fara tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masara da dawa da gyaɗa da wake masu suna SAMMAZ, SAMSORG, SAMNUT da SAMPEA daga can suka fito. Cibiyar IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, tana da reshe a Kano inda a ke aiki a kan wake. ICRISAT tana aiki a Kano, tana kuma da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai. A Vom akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, inda a ke yin allurar rigakafi. Mai karatun tarihi yana da Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka buɗe a 1970, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a garin. In kundinka ya shafi aikin ɗaya daga cikin wuraren nan, ka roƙi sashenku takardar gabatarwa, ka nemi yin wani ɓangare na bincikenka a can. Wata uku da za ka yi kana auna tsayin dawa tare da ma'aikatansu ya fi takardar neman aiki goma da za ka aika musu daga nesa.

Yadda a ke rubuta wa wanda ba a sani ba

A Janairu 1913 wani akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras a Indiya, Srinivasa Ramanujan, ya rubuta wasiƙa zuwa ga G. H. Hardy, babban malamin lissafi a Kambirij ta Ingila. Ba shi da digiri ko ɗaya. Ya riga ya rubuta wa waɗansu malamai biyu a can, bai sami taimako ba. Amma bai cika wasiƙarsa da kuka kaɗai ba, ya haɗa da shafuffuka na lissafin da ya gano da kansa. Hardy ya duba, ya gane irin mutumin da ke magana da shi, a 1914 kuwa Ramanujan ya iso Kambirij. Ba kowa ne Ramanujan ba. Abin lura shi ne abin da ya sa cikin ambulan, da kuma cewa bai daina ba bayan mutum biyu sun ƙyale shi.

Yau da imel a ke yi, kuma tilas ne ga mai son ci gaba. A Jamus hanyar da aka saba bi zuwa digiri na uku ita ce ɗalibi ya fara samun farfesan da ya yarda zai duba aikinsa. Tallafin karatu na Commonwealth, wanda aka fara a 1959, yana bukatar mai neman digiri na uku ya kawo takardar goyon baya daga malamin da zai duba shi a Ingila. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983 domin digiri na biyu, yana neman shekara biyu na aiki, watau awa 2,800, da mutum biyu masu shaida, yana kuma tambayar mai nema ya bayyana yadda ya ke ƙulla dangantaka da mutane a fagen aikinsa. Ka ga abin da saurayin nan ya ɗauka ba kome ba ne, shi ne tambayar jarrabawa.

Wasiƙar ta zama gajeriya. Ka faɗi sunanka da jami'arka, ka ambaci wata maƙala tasa da ka karanta da gaske, ka nuna inda ta haɗu da aikinka, ka yi roƙo ɗaya ƙarami wanda za a iya amsawa cikin minti biyar. Ka haɗa da shafi ɗaya na taƙaitaccen bincikenka. Kada ka aika wasiƙa iri ɗaya ga mutum hamsin, su kan gane. In mako biyu sun wuce shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya, sa'annan ka wuce gaba ba tare da fushi ba. Kafin ka rubuta kuma ka sani zai nemi sunanka a intanet. Ka buɗe lambar ORCID, kyauta ce, ka rubuta sunanka iri ɗaya a kowace takarda, ka kuma share zage-zagen siyasa da ka bari a Facebook.

Ka yi hankali da abu biyu. Akwai mujallun bogi waɗanda za su karɓi kuɗinka su buga maƙalarka cikin kwana uku ba wanda ya karanta. Masana sun san su, sunanka a ciki kuwa yana rage maka daraja. Ka tambayi malaminka da ma'aikacin laburare kafin ka biya. Akwai kuma masu sayar da gurbin aiki. Mai cewa ka kawo dubu ɗari biyar ya ba ka takardar kama aiki, ko dai ɓarawo ne, ko kuwa yana so ya mai da kai abokin satarsa.

Dangantaka kuma ba ta tsayawa da ƙafa ɗaya. Ɗalibi ya kan ce, me ni ke da shi da zan ba farfesa? Kana da labari. In ka ga tallan tallafin karatu wanda bai dace da kai ba, ka tura wa wanda ya dace da shi. In ka iya wata manhajar lissafi, ka koya wa na bayanka. In an taimake ka, ka koma ka faɗi yadda abin ya ƙare, gama mutane da yawa su kan yi godiya ranar roƙo, ranar samu kuwa ba a ganinsu. Gaisuwar sau ɗaya ko biyu a shekara ta isa ta riƙe zumunta, muddin ba kullum roƙo ke biye da ita ba.

Ku kuma 'yan'uwa da ku ka riga ku ka yi nisa a aiki, likitoci da malamai da ma'aikatan banki da ke cikinmu, in ɗalibi ya zo wurinku kada ku sallame shi da kuɗin mota kaɗai. Ku zauna da shi rabin awa, ku karanta takardar tarihin karatunsa, ku nuna masa inda ta yi rauni, ku gaya masa sunan mutum ɗaya da zai gani. Amma kada ku sa hannu a kan shaidar abin da ba ku gani ba, ko da ɗan ƙanwarku ne.

Na rubuta wa saurayin nan takardar hali, na faɗi iyakar abin da na sani. Sauran biyun kuwa sai da ya koma jami'ar, ya roƙi sakataren sashen lambar malamin da ya yi ritaya, ya hau mota ya same shi a garinsu da kwafin kundin a hannu. Tsohon ya buɗe, ya ga gyare-gyarensa, ya tuna da aikin kafin ya tuna da mai aikin. Ya yarda zai rubuta, ya kuma buga waya ga wani tsohon ɗalibinsa da ke koyarwa a sashen, ya ce ya karanta kundin shi ma. Lokacin karɓar takardu ya riga ya wuce da kwana huɗu kafin duk wannan ya kammala. Yanzu yana zuwa gonar gwaji ta malamin nan na biyu kwana uku a mako, ba albashi, yana jiran talla ta gaba.